Idan Jagorar Sabobi Ta Yi Shiru, Wa Zai Karɓi Ragama? Fashin Baƙi Kan Kwafin Rumbun Bayanai

Ranar 21 ga Oktoba, 2018, ana cikin aikin sauya wata na'urar sadarwa da ta fara lalacewa, hanya ta yanke tsakanin babbar cibiyar bayanan kamfanin GitHub da ke gabashin Amurka da sauran cibiyoyinsa. Yankewar ba ta wuce daƙiƙa 43 ba. A cikin wannan ɗan lokaci, manhajar Orchestrator, wadda aka ɗora wa alhakin sa ido kan rumbunan bayanan kamfanin da ke kan manhajar MySQL, ta ga jagororin da ke gabas, wato sabobin (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai) masu karɓar rubutu, sun yi shiru, sai ta miƙa ragama ga sabobin da ke yammacin ƙasar. Da hanya ta dawo, sai ga ɓangarori biyu kowanne riƙe da rubutun da ɗayan bai da shi: gabas na da na 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe da ba su samu tsallakawa ba, yamma kuma ta riga ta fara karɓar sabo. Sai da aka shafe awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita.

Abin lura a nan shi ne manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da aka tsara mata ta yi. Wannan kuwa shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Kwafe bayanai daga wata sabar zuwa wata aiki ne da mai ƙwazo zai iya gamawa da yamma ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne yanke hukuncin cewa jagora ta mutu, da zaɓen wadda za ta gaje ta, da tabbatar da cewa tsohuwar ba za ta farka ta ci gaba da karɓar rubutu ba. Duk wanda ya kafa kwafi ya kunna miƙa ragama kai tsaye bai zauna ya yi tunanin waɗannan ukun ba, ya ƙara wa kansa wata hanyar asarar bayanai ce, yana zaton kariya ya samu.

Me ake kwafewa, kuma ta yaya?

Rumbun bayanai na zamani ba ya taɓa ainihin teburansa kafin ya rubuta abin da zai yi a wani kundi na daban, layi bayan layi, a jere. A PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, sunan kundin WAL, ana ajiye shi a fayil-fayil masu girman megabayit 16 idan ba a sauya ba. Asalin amfaninsa shi ne farfaɗowa: idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da sabar ta tashi sai ta bi kundin ta ƙarasa abin da ya rage. Daga nan dabarar kwafi ta fito. Tunda kundin ya ƙunshi kowane canji bisa tsarin faruwarsa, duk sabar da ta fara da hoton bayanai iri ɗaya, ta kuma bi kundin daki-daki, to inda jagora take nan za ta iso. MySQL na amfani da kundin da ake kira binlog wajen wannan aiki, MongoDB kuma oplog. Sunaye sun bambanta, amma tunanin ɗaya ne: sabar guda ke karɓar rubutu, ita ce jagora, sauran mabiya ne masu maimaita abin da ta yi.

PostgreSQL ya samu damar tura kundin kai tsaye ta hanyar sadarwa a siga ta 9.0, a shekarar 2010. Kafa shi a yau ba wuya. A kan jagora za a ƙirƙiri asusu mai izinin kwafi kaɗai, a buɗe masa ƙofa a fayil ɗin pg_hba.conf daga adireshin mabiyiya, a tabbata wal_level yana kan replica, wanda dama a kansa yake zuwa a sigogin yanzu. A kan mabiyiya kuma sai a gudanar da pg_basebackup tare da alamar -R, shi zai ɗebo cikakken hoton bayanan, ya rubuta adireshin jagora, ya ajiye fayil ɗin standby.signal da ke shaida wa sabar cewa ita mai bi ce. A tayar da ita, a leƙa pg_stat_replication a kan jagora, za a gan ta a jere tana karɓa. A MySQL kuwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne kunna GTID, wanda ya zo a siga ta 5.6, domin yana ba kowace mu'amala lamba ta musamman da duk sabobin suka sani. Kafin zuwansa, mai kula da rumbu ne ke lalubo sunan fayil da gurbin da kowace mabiyiya ta tsaya da hannunsa, aikin da ba wanda ke son yinsa da tsakar dare ana jiransa.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Jagora ba ta ajiye kundinta har abada, tana share tsoffin fayiloli. Idan mabiyiya ta yi nisa a baya har aka share abin da take buƙata, ta ɓata ke nan, sai an sake gina ta daga tushe. Maganin da PostgreSQL ya kawo a siga ta 9.4 shi ne gurbin kwafi, wato jagora ta yi alƙawarin ba za ta share komai ba sai mabiyiya ta karɓa. To amma idan mabiyiyar ta mutu aka manta da gurbinta fa? Jagora za ta yi ta tara kundi har faifanta ya cika, ita ma ta tsaya cak. Garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa aka ƙaro max_slot_wal_keep_size a siga ta 13, don a yi wa alƙawarin iyaka. Ina ba da shawarar a sa masa adadi tun ranar farko, domin yadda yake zuwa ba shi da iyaka ko kaɗan.

Yaushe za a ce wa mai rubutu "an karɓa"?

Wannan tambaya ce ta kasuwanci kafin ta zama ta fasaha, kuma sau da yawa injiniya ne ke amsa ta shi kaɗai ba tare da masu harkar sun sani ba.

A tsarin da ya fi yawa, jagora na rubuta canji a faifanta, ta ce wa manhaja an gama, sannan ta tura wa mabiya. Akwai sauri, kuma ko mabiyiya ta yi ciwo jagora ba ta tsayawa. Sai dai kullum akwai ɗan gibi tsakaninsu. A lokacin lafiya gibin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma idan aiki ya yi yawa yana iya kai mintuna. Idan jagora ta faɗi a cikin gibin, duk abin da ke ciki ya tafi, alhali an riga an shaida wa mai shi cewa kuɗinsa sun shiga, ko odarsa ta karɓu.

Ɗaya tsarin shi ne jagora ta jira sai wata mabiyiya ta tabbatar ta karɓa kafin ta ba da amsa. PostgreSQL ya kawo wannan a siga ta 9.1, kuma synchronous_commit na ba ka zaɓin iya zurfin jiran: mabiyiya ta karɓa ta miƙa wa tsarin na'urarta, ko ta rubuta a faifai, ko har ta aiwatar yadda mai karatu zai gani. Kuɗin wannan kwanciyar hankali jinkiri ne, kuma ba wayon da zai kauce masa. Haske a cikin wayar gilashi na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan tsakanin sabobin akwai kilomita 1,000, zuwa da dawowa kaɗai zai ci milisakan 10, ba a ma lissafa na'urorin da ke kan hanya ba. Haɗi guda mai rubutu ɗaya bayan ɗaya ba zai wuce tabbatarwa 100 a daƙiƙa ba, komai ƙarfin injin.

Ga kuma abin da ke ba mutane mamaki. Idan sabobinka biyu ne kacal, ka ce jagora ta riƙa jiran mabiyiya, to ranar da mabiyiyar ta faɗi rubutu ya tsaya a kan jagora mai cikakkiyar lafiya. A da sabar ɗaya ce ke iya tsayar da kai, yanzu sun zama biyu. Saboda haka mai son wannan tsari na buƙatar mabiya biyu aƙalla, ya ce kowace daga cikinsu ta amsa ya wadatar. Tun daga siga ta 10 ana iya rubuta hakan a synchronous_standby_names da kalmar ANY. MySQL ya bi wata hanya a tsarinsa na rabin jira: yana jiran mabiyiya, amma idan daƙiƙa 10 suka wuce ba amsa, sai ya koma tura bayanai ba tare da jira ba. Aiki ba ya tsayawa, gaskiya ne, amma kariyar na janyewa ne daidai lokacin da hanya ta fara rikicewa, wato lokacin da aka fi buƙatarta. Wanda bai sa ƙararrawa a kan wannan sauyi ba zai kwana yana zaton a rufe yake.

Tambayoyi biyu ne dai ya kamata a rubuta amsarsu a takarda kafin a taɓa kowace na'ura: bayanan daƙiƙa nawa za mu iya jure rasawa, kuma tsayuwar minti nawa za mu iya ɗauka? Alƙawarin aiki kashi 99.9 cikin 100 na nufin tsayuwar kusan awa 8 da minti 46 a shekara, wanda mutum mai waya a kusa zai iya cikawa da hannu. Kashi 99.99 kuwa minti 53 ne a duk shekara. A nan ba lokacin da za a tashi mutum daga barci ya buɗe kwamfuta ya gano abin da ke faruwa. Dalilin miƙa wa na'ura hukuncin ke nan.

Mutuwa ce ko suma?

Takardun PostgreSQL sun faɗa ƙarara cewa shi ba ya zuwa da abin da zai gano faɗuwar jagora ya sanar da mabiyiya. Ya ba ka hanyar ɗaga mabiyiya ta zama jagora, umarni ɗaya ne, amma yaushe za a yi hakan, wannan ya bar maka. Ba kasala ba ce ta sa, matsalar ce ke da wuya a asalinta.

Ka ɗauka kai ne mabiyiya. Kana aika wa jagora saƙo kowace daƙiƙa tana amsawa, sai ka ji shiru. Me ya faru? Mai yiwuwa ta mutu. Mai yiwuwa tana nan da ranta, aiki ne ya danne ta. Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, tana ma karɓar rubutu daga manhajoji, wayar da ke tsakaninku ce ta tsinke. Ko kuma kai ne aka yanke daga duniya ba ka sani ba. Daga inda kake zaune duk huɗun kamarsu ɗaya: shiru. Ba wani gwaji da zai bambance maka su da tabbaci. Abin da kawai za ka iya shi ne ka jira wani adadin lokaci, sannan ka yanke hukunci bisa zato. Ka gajarta jiran, ka riƙa tsige jagora mai lafiya duk lokacin da hanya ta yi tari. Ka tsawaita shi, tsayuwar aiki ta tsawaita.

Idan ka ɗaga kanka alhali jagora na raye, an samu jagorori biyu, kowace na karɓar rubutu, kowace na ba da lambar oda ta gaba ga mutum daban. Wannan shi ake kira rabuwar kai, kuma ya fi tsayuwar aiki muni nesa ba kusa ba. Tsayuwa na ƙarewa da zarar an tayar da sabar. Bayanan da suka rabu biyu kuwa sai an zauna an tsefe su layi-layi, wani lokaci ma ba a iya haɗa su. Wannan tsaka mai wuya ce Eric Brewer ya bayyana a shekarar 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita a lissafe a 2002: idan hanya ta rabu, dole ka zaɓa tsakanin ci gaba da amsa wa kowa da kuma riƙe gaskiya guda ɗaya.

Mafitar da aka samu ita ce rinjaye. Kada sabar ɗaya ta yanke hukunci ita kaɗai, sai fiye da rabin masu ƙuri'a sun yarda. Hikimar a fili take: duk yadda hanya ta tsage, ba zai yiwu ɓangarori biyu kowanne ya samu fiye da rabi ba. Daga nan ake gane dalilin da ya sa sabobi biyu ba su isa ba, domin rinjayen biyu shi ne biyu, ɗaya ta ɓace ba sauran zaɓe. Uku na jure rashin ɗaya. Huɗu ma ɗaya kawai take jurewa, tunda rinjayenta uku ne, don haka ta huɗun ba ta ƙara komai ba. Biyar na jure biyu. Shi ya sa za ka ga ana ta maimaita uku ko biyar. Ƙa'idojin da ke tafiyar da irin wannan zaɓe su ne Paxos na Leslie Lamport, da aka wallafa a 1998, da Raft, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout na jami'ar Stanford suka fitar a 2014 da nufin ya fi sauƙin fahimta. Kada wanda ya zauna rubuta nasa. Akwai manhajojin da aka riga aka gina don wannan aiki, irin su etcd da Consul da ke kan Raft, akwai ZooKeeper mai tasa ƙa'idar, duk an daɗe ana gwada su a fagen aiki.

Adadi kaɗai kuma bai wadatar ba, inda aka ajiye su ma magana ce. Masu ƙuri'a uku a kan injin guda, ko a layin wuta guda, ƙuri'a ɗaya ce aka yi wa riga uku. Idan cibiyoyinka biyu ne, ka sa biyu a nan ɗaya a can, to ranar da mai biyun ta faɗi ɗayar ba ta da rinjaye, ba za ta iya komai ba. Ana buƙatar wuri na uku, ko da ƙaramar na'ura ce da ba ta riƙe bayanai, aikinta kawai jefa ƙuri'a.

Kujerar haya

Mu ɗauki Patroni misali, manhajar da kamfanin Zalando na Jamus ya fitar, wadda ta zama ruwan dare wajen masu PostgreSQL. Akwai wasu, irin su repmgr da pg_auto_failover, amma tsarin Patroni ya fi fito da dabarar fili.

A kowace sabar akwai wakilin Patroni da ke kula da PostgreSQL ɗin wurin. Jagoranci kuma wani makulli ne da ke ajiye a etcd, kuma ba mallaka ba ne, haya ce mai wa'adi. Yadda yake zuwa, wa'adin daƙiƙa 30 ne, mai riƙe da shi na sabuntawa kowane daƙiƙa 10. Idan jagora ta mutu ba mai sabuntawa, wa'adi ya cika, makulli ya saki. Sai mabiya su tambayi juna wa ta fi nisa a kundi, su yi rige-rigen ɗauka, etcd kuma ba zai ba biyu ba. Wadda ta yi baya da fiye da abin da aka ƙayyade a maximum_lag_on_failover, wanda ke zuwa a kan megabayit 1, ba ta shiga takara.

Kyawun tsarin yana ɗaya gefen ne. Jagorar da aka yanke daga etcd ba ta buƙatar wani ya zo ya gaya mata an tsige ta. Da ta ga ta kasa sabunta hayarta, ita da kanta za ta sauka ta daina karɓar rubutu kafin wa'adin ya cika. Shi ya sa lambobi uku suke ɗaure da juna: loop_wait (tazarar sabuntawa) haɗe da retry_timeout (lokacin da ake ba sake gwadawa idan ba a samu amsa ba) sau biyu kada ya wuce ttl (wa'adin hayar). Mai rage ɗaya don neman sauri ba tare da duba sauran ba yana buɗe ƙofar da aka gina tsarin don rufewa.

Saura tambaya ɗaya: idan wakilin Patroni ɗin ne ya sandare, PostgreSQL kuma na ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa, wa zai saukar da ita? A nan ake kawo mai gadi na cikin Linux, wato watchdog. Wakilin na taɓa shi a kai a kai, idan ya daina, mai gadin zai sake kunna injin gaba ɗaya 'yan daƙiƙoƙi kafin hayar ta ƙare. A wasu tsare-tsaren, irin na Pacemaker, sauran sabobin ne ke kashe wa wadda ake zargi wuta ta na'urar sarrafa lantarki. Da farko abin na kama da wuce gona da iri, a kashe injin da wataƙila lafiyarsa lau. Amma ka tuna ba mu da hanyar sanin ko ta mutu. Abin da muke iyawa shi ne mu mayar da zatonmu gaskiya kafin mu naɗa wata. A ganina duk tsarin miƙa ragamar da ba shi da amsar "ta yaya ake rufe bakin tsohuwar jagora" bai kammala ba, komai kyan sauran sassansa.

Wani ɗan bayani da ke rikita masu gwaji: idan PostgreSQL ne kawai ya faɗi, inji da wakili na raye, Patroni zai fara ƙoƙarin tayar da shi a wurin, kuma yana iya jira har daƙiƙa 300 kafin ya miƙa wa wata. Da gangan aka yi haka, don farfaɗowa a wuri ɗaya ba ta jawo asarar komai. Wanda sauri ya fi masa muhimmanci sai ya rage wannan adadi da saninsa.

Masu MySQL na da Group Replication tun siga ta 5.7.17, inda zaɓen ke cikin rumbun kansa, rukuni na ɗaukar sabobi har 9. MongoDB ma da nasa zaɓen yake zuwa, mabiya na jiran daƙiƙa 10 na shiru kafin su kira shi. Duk dai maganar rinjaye ce.

An naɗa sabuwa, amma wa ya sani?

Sau da yawa rumbu na gama sauyinsa cikin rabin minti, manhaja kuma ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar gawa. Dole a yi mata hanyar gane sabuwar jagora. Wasu na sa HAProxy, manhajar da ke rarraba masu haɗi zuwa sabobi, a tsakani, yana tambayar kowane wakilin Patroni ta ƙofa ta 8008 ko shi ne jagora, ya tura masu rubutu wurin wanda ya amsa da e. Sai dai HAProxy ɗin ma kada ya zama guda ɗaya, in ba haka ba an dawo gidan jiya. Wasu na amfani da adireshi mai yawo da ke bin jagora duk inda take. Wasu kuma na jera duk sabobin a layin haɗi, su sa target_session_attrs a kan read-write, direban, wato ɓangaren manhajar da ke magana da rumbu, ya nemo mai karɓar rubutu da kansa, abin da PostgreSQL ya kawo a siga ta 10. Sauya adireshin da sunan sabar ke nunawa a DNS, wato tsarin da ke fassara suna zuwa adireshi, ma na yi, amma shi ne na fi ɗari-ɗari da shi, saboda manhajoji da yawa na riƙe tsohon adireshi fiye da wa'adin da aka ba su.

Ko wace hanya aka bi, haɗin da ke buɗe lokacin sauyin zai tsinke, kuma dole manhaja ta san yadda za ta sake haɗawa. Akwai kuma mu'amalar da aka aika umarnin tabbatar da ita, amsa ba ta dawo ba. Ta shiga ko ba ta shiga ba? Manhaja ba ta sani ba. Idan ta sake turawa ido rufe, ana iya cire wa mutum kuɗi sau biyu. Maganin shi ne kowace buƙata ta zo da lambarta ta musamman, rumbu ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Wannan aikin masu rubuta manhaja ne, ba abin da Patroni ko waninsa zai iya yi a kai.

Tsohuwar jagora kuma idan ta farfaɗo ba za ta shiga sahu haka kawai ba, domin wataƙila tana ɗauke da rubutun ƙarshe da bai kai ga kowa ba. Tarihinta ya rabu da na sabuwar. PostgreSQL na ƙara lambar zangon tarihi duk lokacin da aka ɗaga wata, kuma pg_rewind, da ya shigo a siga ta 9.5, na mayar da tsohuwar baya zuwa mararrabar, ta bi sabuwa daga nan. Yana buƙatar an kunna wal_log_hints ko tantance shafukan bayanai tun kafin matsala ta faru. A kuma sani cewa mayarwar na shafe wancan rubutu da ya maƙale. Idan mai daraja ne, a ɗauki hoton faifan kafin a taɓa shi.

Kwafi ba ajiya ba ne

Gida biyu maganin gobara, haka ne, amma mabiyiya ba ta tambayar jagora dalili. Wani ya goge tebur bisa kuskure, cikin ƙiftawar ido an goge shi a duk sabobin. Ranar 31 ga Janairu, 2017, mabiyiyar rumbun kamfanin GitLab ta yi baya har jagora ta share kundin da take buƙata. Ana ƙoƙarin sake gina ta, aka goge ma'ajiyar bayanai a kan jagora a maimakon mabiyiya, kusan gigabayit 300 suka tafi. Da aka juya ga ajiyar da ake yi da pg_dump, manhajar PostgreSQL mai juye bayanai zuwa fayil, sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki saboda saɓanin siga, ba wanda ya lura. Wani hoton faifai da aka ɗauka awa 6 kafin nan ne ya cece su, bayanan waɗannan awanni kuwa ba su dawo ba. Don haka ajiya ta daban wajibi ce, da kayan aiki irin pgBackRest ko Barman, tare da adana kundin canje-canje yadda za a iya komawa kowane minti da ake so. Wasu na ƙarawa da mabiyiya mai jinkirin ganganci, a sa ta riƙa bin jagora da tazarar awa guda, amma a tabbata an hana ta shiga takarar jagoranci.

Ra'ayina game da iyakar da ya kamata a ba na'ura shi ne: tsakanin sabobin da ke kusa da juna, inda hanya ke da sauri har ana iya jiran tabbacin mabiyiya, a bar ta ta yanke hukunci, ta fi mutum sauri kuma ba abin da za a rasa. Tsallaka ragama zuwa wani yanki mai nisa kuwa, inda kwafin ba na jira ba ne, manhajojin ma wataƙila ba su shirya yin magana da rumbu mai nisan dubban kilomita ba, wannan hukunci ne da ya kamata mutum ya sa hannu. Bayan abin da ya faru a 2018, GitHub ma ya gyara tsarin Orchestrator don ya daina ɗaga jagora zuwa wani yanki da kansa.

Sauran aikin gwaji ne, kuma ba sau ɗaya ba. A fara da mai sauƙi, a yi patronictl switchover da rana kowa na wurin, a auna daƙiƙa nawa manhaja ta yi ba ta rubutu. Sannan a kashe PostgreSQL da ƙarfi. Sannan a cire wa injin wuta. Sannan gwajin da aka fi gudu, wanda kuma ya fi kama da abin da ke faruwa a zahiri: a bar jagora da ranta, a toshe hanyarta zuwa etcd kaɗai, manhajoji na ci gaba da ganinta. A duk gwajin a sa wata 'yar manhaja tana rubuta lambobi a jere, tana ajiye duk wadda aka ce mata an karɓa. Bayan ƙura ta lafa a kwatanta jerinta da abin da ke cikin sabuwar jagora. Duk lambar da ke hannunta amma babu ita a rumbu, ita ce ainihin asarar da tsarinka ke yi a kowane sauyi, kuma wannan adadin ne za a kai wa masu harkar su ce sun yarda da shi ko a sake zama.